Ziyarar Ibada zuwa Namugongo da Kibeho: Tambayoyin da Aka Fi Yi Mana

Duk shekara, da zarar an fita daga Ista, sai tambayoyi su fara shigowa. Wasu a bakin coci bayan Misa, wasu ta waya da tsakar dare. Yawancinsu iri ɗaya ne, shi ya sa na tattara su wuri guda. Ni katekis ne, na raka ayarin masu ziyara zuwa Yuganda da Ruwanda fiye da sau ɗaya, kuma abin da na gani da wanda na karanta na tabbatar shi ne a nan.

Me ya sa Yuganda? Ba Urushalima ko Rum ake zuwa ba?

Ana zuwa, kuma hanyoyin da hukumar kula da masu ziyarar ibada ta Kirista a Najeriya ta fi bi ke nan: Isra'ila, Jodan, Rum, Girka. Tafiyar Yuganda galibi dayosis ko ikilisiya ko ƙungiya irin ta Zumuntar Mata ce ke shirya ta tare da kamfanin tafiye-tafiye. Abin da ya bambanta ta shi ne, tsarkakan da za ka je wurinsu baƙaƙe ne irinka, sun yi hidima a fadar sarki irin wadda ka sani, kuma an kashe su ne saboda addininsu a 1885 zuwa 1887, lokacin da kakannin kakanninmu ke raye. A Rum mutum yakan ji kamar baƙo a gidan manya. A Namugongo, inda aka ƙone yawancinsu, za ka ga tsohuwa ta shimfiɗa tabarma ta ɗora buhunta a matashi, kamar dai a taron Zumunta.

Su wane ne shahidan nan, kuma me suka yi aka kashe su?

'Yan Katolika 22 ne da 'yan Anglika 23, a masarautar Buganda, zamanin Kabaka Mwanga na 2. Kabaka shi ne sarki a harshen Luganda. Yawancinsu yaran fada ne, samari masu hidima a turakar sarki da zaurensa. Masu wa'azin Anglika sun iso Buganda a 1877, sai Fada Simeon Lourdel da Brother Amans suka sauka a Kigungu, gaɓar tafkin Biktoriya kusa da Entebbe, ranar 17 ga Fabrairu 1879. Mutanen wurin suka laƙaba wa Lourdel suna Mapeera, daga yadda suka ji ana kiransa da Faransanci, kuma har gobe sunan ke bin sa.

Mwanga ya hau gado a 1884 yana saurayi, a daidai lokacin da Turawa ke yanka gabashin Afirka suna rabawa. Yana da dalilin tsoro. A watan Oktoba 1885 ya sa aka kashe bishop ɗin Anglika James Hannington a Busoga, saboda ya biyo ta gabas, hanyar da Baganda ke ɗauka a matsayin ƙofar baya ta ƙasarsu. Joseph Mukasa Balikuddembe, babban bafade kuma ɗan Katolika, ya faɗa wa sarki a fuska cewa bai kyauta ba. Ranar 15 ga Nuwamba 1885 aka sare kansa aka ƙona gawar a Nakivubo. Shi ne na farko cikin 22 ɗin. Akwai kuma dalili na biyu da ba a ɓoye shi: sarki yana neman yaran fada da lalata, waɗanda suka karɓi addini suka fara ƙin amsa kira, kuma Balikuddembe, daga baya Charles Lwanga, shugaban yaran fada, su ke kare su. A fadar da ba a ce wa sarki a'a, wannan ya isa laifin kisa.

An ƙone Lwanga da 'yan uwansa a Namugongo ranar 3 ga Yuni 1886. Ƙaraminsu, Kizito, bai wuce shekara 14 ba. Na ƙarshe, John Mary Muzeeyi, an kashe shi a Janairu 1887. Fafaroma Benedict na 15 ya ayyana su masu albarka a 1920, Fafaroma Bulus na 6 ya sa su cikin tsarkaka ranar 18 ga Oktoba 1964.

Daga ina ya kamata a fara?

Daga Munyonyo. Kamfanoni da yawa suna ɗauko mutane daga filin jirgi su zube su Namugongo, wato an fara karatu daga shafin ƙarshe. Munyonyo na bakin tafki, kudu da Kampala, kuma nan Mwanga yake da fada a watan Mayu 1886. Nan ya fusata ya soki Denis Ssebugwawo, ɗaya daga cikin yaran fada, saboda yana koya wa wani yaron fada katekisim. A daren nan Lwanga ya ga alamar abin da ke tafe, ya yi baftisma ga waɗanda ba a riga an yi musu ba, har da Kizito. Washegari sarki ya tara yaran ya ce masu addu'a su ware gefe guda. Suka ware. Andrew Kaggwa, shugaban makaɗan fada, a nan Munyonyo aka kashe shi. Sauran aka ɗaure su aka kora da ƙafa zuwa Namugongo, ana kashe wasu a hanya don a tsorata na baya.

Idan ka bi wuraren a jere, Munyonyo, Nakivubo inda yanzu kasuwa ta cinye ko'ina, Old Kampala inda aka daddatsa Matthias Mulumba, ɗaya daga cikin shahidan, aka bar shi kwanaki kafin ransa ya fita, sannan Namugongo, za ka iso da labarin a jikinka. Ni Munyonyo tana da wani matsayi daban a wurina, domin a nan Fafaroma Faransis ya gana da katekis-katekis da malaman makaranta a Nuwamba 2015. Mu da aka saba barinmu a bayan layi, ranar an sa mu gaba.

Yaya Namugongo take a ido?

Tana da nisan kamar kilomita 15 arewa maso gabas da tsakiyar Kampala. Babban cocin zagaye yake, da tsinin rufi kamar bukka, yana tsaye kan ginshiƙai 22, kowanne a madadin shahidi guda. An buɗe shi a 1975. Bagaden yana daidai wurin da aka ƙone Lwanga shi kaɗai, a hankali, daga ƙafafu. Cocin bai ɗaukar fiye da mutum kamar 1,000, don haka babbar Misa a waje ake yi, a wata rumfa da aka gina a tsakiyar ɗan tafki, jama'a na zaune a matakala kewaye da ruwan. Fafaroma uku sun zo nan: Bulus na 6 a 1969, Yohanna Bulus na 2 a 1993, Faransis a 2015.

Abin da masu ziyara da yawa ba su sani ba: inda aka ƙone mafi yawansu a wuta ɗaya ba a harabar Katolika yake ba. Yana Nakiyanja, 'yar tafiya kaɗan gaba, a hannun 'yan Anglika, kuma akwai gidan tarihi da aka yi siffofin abin da ya faru, mutane a naɗe cikin asabarin kara an jera su kan itace. An ƙone Katolika da Anglika tare, tokarsu ta gauraya, babu mai iya raba ta. Kada jagora ya ce muku lokaci ya ƙure ku tsallake wurin. A nan za ku ji labarin Mbaga Tuzinde, wanda shugaban masu kisan, Mukajanga, uba ne a gare shi. Mukajanga ya yi ta lallashinsa ya bar addinin, Mbaga ya ƙi, ƙarshe uban ya sa aka buge shi a ƙeya kafin a jefa shi wuta don kada ya ji zafin ƙuna.

Dole sai ranar 3 ga Yuni?

Ba dole ba ne. Ranar hutu ce a duk Yuganda, kuma kowace shekara ana ba wata dayosis ɗaukar nauyin bikin, da mawaƙanta da rayenta. Nobena, addu'ar kwana tara kafin bikin, tana farawa 25 ga Mayu. Taron ya wuce misali: mutane na kwana a fili, layin binciken jami'an tsaro kan ci sa'o'i, bayan gida ya zama abin nema. Wanda yake son ganin Ikilisiyar Afirka a wuri ɗaya, Kenya da Tanzaniya da Kwango da Sudan ta Kudu da mu 'yan Najeriya da atamfarmu iri ɗaya, ya zo ranar. Wanda yake son ya durƙusa a gaban bagade ya yi shiru, ya zo a wani watan. Shawarata ga mai zuwa bikin: ya iso da kwana huɗu ko biyar, ya gama zagayen wurare da ikirari kafin cunkoso, ranar 3 ga wata kuma ya bar masauki tun kafin asuba.

Na ji wasu da ƙafa suke zuwa. Mu ma za mu taka?

Masu takawar daga garuruwan Yuganda irin su Lira da Gulu da Kabale suke, wasu daga Kenya, suna yin mako biyu ko fiye a hanya, suna kwana a coci-coci da makarantu. Za ku gan su suna shigowa da tuta da gicciye, ƙafafu a kumbure, ma'aikatan lafiya na jiran su a ƙofa. Ba da su za mu yi gasa ba. Mai ƙarfi zai iya bin sawun shahidan daga Munyonyo zuwa Namugongo cikin yini guda tare da jagora ɗan gari. A tuna a hannun hagu ake tuƙi a Yuganda, kuma 'yan acaɓarsu, boda-boda, ba su da bambanci da namu wajen haƙuri.

Na ga kabarin sarakuna a jadawali. Me zai kai mu kabarin wanda ya kashe tsarkakanmu?

Wannan tambayar wata uwa ce ta fara yi mini ita a cikin mota, ranta a ɓace. Ta ce, "Malam Katekis, kuɗina na tara shekara uku don in zo wurin Kizito, ba wurin Mwanga ba." Na ce, "Mama, ki shiga tukuna, in kin fito ki yi mini faɗan."

Kasubi, inda kaburburan suke, fadar Kabaka Mutesa na 1 ce, mahaifin Mwanga, an gina ta a 1882, da ya rasu a 1884 aka binne shi a ciki. Sarakuna huɗu ke kwance a wurin: Mutesa na 1, Mwanga na 2, Daudi Chwa na 2, da Mutesa na 2. UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 2001. Gobara ta cinye babban ɗakin a Maris 2010, aka shafe shekaru ana sake gina shi da ciyawa da kara da itace kamar yadda yake tun asali. Ɗakin bukka ce, amma irin wadda in ka ɗaga kai sai hularka ta faɗi. A cikin rufin akwai zobba 52, adadin zuriyoyin Baganda. Ana cire takalmi, mace mai wando a ba ta zane ta ɗaura, a zauna kan tabarma ba a miƙe ƙafa wajen sarakuna ba. A gabanka masu ne a jere da hotuna, bayansu labulen ɓawon itace, kuma bayan labulen suna kiransa daji, domin a wurinsu Kabaka ba ya mutuwa, ɓacewa yake yi a daji.

Sai ka zauna a tabarmar nan kake gane nauyin abin da yaran suka yi. Bahaushe ya san fada. Ya san yadda ake faɗuwa gaisuwa, ya san bafade ba ya musu da sarki, ya san abincinsa da rigarsa da darajar gidansu duk daga hannu ɗaya suke fitowa. Yaro ɗan shekara 14 da ya tashi cikin wannan tarbiyya ya ce wa Kabaka a'a. In ba ka ga girman Kabaka ba, ba ka ga girman a'ar ba. Shi kansa Mwanga ƙarshensa abin tausayi ne: Ingilishi suka kama shi suka kai shi tsibirin Seychelles, can ya mutu a 1903, sai 1910 aka dawo da gawarsa. Maman nan da ta fito ba ta yi mini faɗa ba, ba ta kuma ce na yi gaskiya ba. Carbinta ta ciro.

A rana ɗaya ana iya haɗawa da babban cocin Rubaga, wanda aka gama a 1925 a kan tudun da Mutesa na 1 ya taɓa yin fada. A ciki aka binne Akbishop Joseph Kiwanuka, wanda aka naɗa bishop a 1939, baƙar fata na farko da ya kai wannan matsayi a Katolika a wannan zamani. Cocin Anglika na Namirembe na kan tudun da ke kallonsa.

Maigidana Musulmi ne, yana so ya raka ni. Zai takura?

Ba zai takura ba. Babu mai tambayar addini a ƙofa. Abin da kawai ba zai yi ba shi ne karɓar Jibin Ubangiji. Kuma yana da nasa abin gani. Tun kafin Kiristocin, a tsakiyar shekarun 1870, Mutesa na 1 ya sa an kashe wasu Musulmin fadarsa a Namugongo ɗin nan saboda sun fifita hukuncin addini kan umarninsa, kuma akwai masallaci a unguwar don tunawa da su. A tudun Old Kampala kuma ga babban masallacin ƙasa da ake kira na Gaddafi, wanda in ya hau hasumiyarsa zai ga birnin duka. Abincin halal ba ya wuya a Kampala.

Ruwan tafkin Namugongo yana warkarwa?

Za ku ga mutane da jarkoki suna ɗiba, ku ma ku ɗiba in kuna so. Ikilisiya tana ɗaukarsa kamar ruwan albarka: abin tuni da ke tafiya da addu'a. Kada mai hawan jini ko ciwon suga ya ajiye maganinsa saboda shi. Kuma a sa shi cikin jakar da za a auna, domin ba za a bari ya shiga jirgi a hannu ba. Na taɓa ganin an zubar da lita biyar a gaban mai ita tana hawaye.

Mene ne Kibeho, kuma Ikilisiya ta amince da shi?

Ƙauye ne a gundumar Nyaruguru, kudancin Ruwanda, tafiyar kamar kilomita 160 daga Kigali ta hanyar Huye. Ranar 28 ga Nuwamba 1981 wata ɗalibar makarantar kwana, Alphonsine Mumureke, ta ce Budurwa Maryamu ta bayyana gare ta a ɗakin cin abinci, ta kira kanta Nyina wa Jambo, wato Uwar Kalma. 'Yan makaranta suka yi ta mata ba'a. A farkon 1982 sai Nathalie Mukamazimpaka, sannan Marie Claire Mukangango, wadda a da tana cikin masu tsangwamar Alphonsine. Saƙon tuba ne da addu'a, da Rosarin Baƙin Ciki Bakwai. A Agusta 1982 'yan matan suka ba da labarin wahayin kogin jini da gawarwaki, abin da mutane suka tuna bayan kisan kiyashin 1994, wanda Marie Claire ma a ciki ta rasu.

Bayan bincike na kusan shekara ashirin, Bishop Augustin Misago na Gikongoro ya sanar da amincewa ranar 29 ga Yuni 2001, kuma ga waɗannan ukun kaɗai, ko da yake wasu da dama sun yi iƙirarin gani. Amincewar tana nufin ya halatta a gaskata a kuma yi ibada a wurin. Ba a tilasta wa kowane ɗan Katolika ba. Manyan ranaku su ne 15 ga Agusta da 28 ga Nuwamba. Wurin kan tsaunuka yake, a zo da rigar sanyi kamar mai zuwa Jos da hunturu.

Dole mu shiga wuraren tunawa da kisan kiyashi?

Ba a tilasta kowa, kuma ban ba da shawarar kai yara ba. Amma babba ya daure. A Gisozi, cikin Kigali, an binne fiye da mutum 250,000. Nyamata da Ntarama coci-coci ne na Katolika da 'yan ƙabilar Tutsi suka gudu ciki suna zaton ba za a taɓa su a ɗakin Allah ba. Tufafinsu na nan kan bencina. A cocin ikilisiyar Kibeho ma an kashe jama'a a Afrilu 1994. Waɗanda suka kashe da waɗanda aka kashe, da yawansu baftisma ɗaya aka yi musu. Mu da muka fito daga garuruwan da suka san dokar hana fita, ba ma buƙatar a yi mana dogon bayani. Bayan nan motarmu takan yi tsit har Huye.

A hanyar akwai abin da ke sanyaya rai: gidan tarihin fadar sarki a Nyanza da shanun inyambo masu dogayen ƙaho, waɗanda makiyayi ke rera wa waƙa suna tsaye. Duk wanda ya tashi kusa da ruga sai an ja shi ya bar wurin.

Wace takarda ake buƙata, kuma ta ina ake bi?

Fasfo mai sauran aƙalla wata shida, da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake dubawa a filin jirgin Entebbe. Bizar Yuganda ta intanet ake nema kafin tafiya. Akwai kuma bizar yawon buɗe ido ta Gabashin Afirka mai kwana 90 da ta haɗa Yuganda da Ruwanda da Kenya. Jirage na bi ta Adis Ababa ko Nairobi ko Kigali. Daga Kampala zuwa Kigali a mota yini guda ne, ta Masaka da Mbarara da Kabale zuwa iyakar Katuna, kuma a Kayabwe ake tsayawa ɗaukar hoto a kan layin da ya raba duniya biyu. Agogon Yuganda na gaban namu da awa biyu, na Ruwanda da awa ɗaya. Ruwanda ta hana leda, za a iya karɓe ta a iyaka. Asabar ɗin ƙarshen wata kuma da safe aikin gayya suke yi, umuganda, motoci ba sa yawo sai wajen tsakar rana.

Nawa ne kuɗin, kuma yaya zan kauce wa 'yan damfara?

Ba zan rubuta adadi ba, domin kafin ka gama karantawa canji ya motsa. Abin da zan ce: kada ka tura kuɗi asusun mutum ɗaya don kawai ya sa hoton Fafaroma a takardar tallarsa. Ka tambayi Fada na ikilisiyarku ko ofishin dayosis ya san da tafiyar. Ka nemi sunan masauki da nisansa daga Namugongo a rubuce. Wani kamfani ya taɓa ce mana masaukinmu "kusa" yake, ashe a Entebbe ne, kilomita 40 daga Kampala. Ranar biki ƙarfe biyu na dare muka tashi. Dalar da za ka riƙe ta zama sabuwa marar yagewa, don masu canji na ƙin tsofaffi.

Abinci fa? Cikina ba ya son baƙon abu.

Matoke za ka fi gani, ayaba ce ɗanya da ake turarawa cikin ganyenta a tuƙa, a ci da miyar gyaɗa. Posho tuwon masara ne, sai dai ya fi namu tauri. Luwombo nama ne ko kaza da aka dafa a ƙunshin ganyen ayaba. A bakin titi akwai rolex, wainar ƙwai a naɗe cikin capati. Babu abin da zai ba ka tsoro sai rashin yaji. Abincinsu salam yake. Ka zo da garin yajinka da ɗan ƙuli-ƙuli.

Mahaifiyata ta haura saba'in. Za ta iya?

Za ta iya in an zaɓi watan da ba na biki ba, aka kuma ɗauki jirgi tsakanin Entebbe da Kigali maimakon mota. Ta ga likita kafin tafiya, ta riƙe magungunanta a jakar hannu, da na zazzaɓin cizon sauro. A Kibeho gangaren zuwa maɓuɓɓugar ruwa yana da tsayi, a bar jikoki su ɗebo mata.

In na dawo akwai laƙabin da zan sa a bayan sunana, kamar JP na waɗanda suka je Urushalima?

Babu. Abin da ake dawowa da shi carbi ne, da hoton shahidan a kan ƙyallen ɓawon itacen mutuba, da gahawa, da jarkar ruwa in ta tsira daga filin jirgi. Ka sayi carbin tun kafin ranar biki ka kai wa Fada ya sa albarka, domin ranar 3 ga wata ba za ka samu Fada da hannunsa ke sake ba, kuma farashi ya ninka.